Yadda Ake Ƙirƙiro Jirgin Sama Mara Fiffike Wanda Mai Kallo Zai Yarda Zai Tashi

Tun ina ƙarami nake cika bayan littafina da zanen jirage, kuma duk wanda na zana siffarsa ɗaya ce, dogon jiki, fiffike biyu a gefe, wutsiya a baya. Wata rana na cire fiffiken gaba ɗaya na zana wani abu kamar ƙwai mai tagogi, na nuna ma wani abokina ina jin daɗi, ya kalla ya kalla sannan yace toh meye yake riƙe dashi a sama? Nayi shiru dan ba ni da amsa. Tambayar nan ita ta jefa ni cikin karance-karance, kuma har yau da ita nake auna duk jirgin da na gani a fim ko a wasan kwamfuta ko a labarin da wani ya rubuta.

Idan kai mai zane ne, ko marubuci, ko mai haɗa gem, ko kawai kana son tunanin irin waɗannan abubuwa, ga hanyar da nake bi. Kayan aikin ba su da yawa, takarda, fensir, kalkuletan wayarka, sai ɗan kwali da salatif idan mun zo gwaji.

Mataki na farko: ka ba jirgin aiki kafin ka ba shi siffa

Kar ka fara da zane. Na san hannu yana ƙaiƙayi amma ka daure, ka ɗauki takarda ka amsa tambayoyi huɗu tukuna. Me zai ɗauka? Ina zai kai shi? Cikin wane irin sauri? A ina zai sauka? Jirgin da aikinsa ya tsaya cak a sama kwana uku yana leƙen hanya, da wanda aikinsa ya tsallaka teku cikin awa biyu, ba za su taɓa yin kama ba ko da mutum ɗaya ne ya zana su.

Bari in kafa misalin da zamu tafi dashi har ƙarshe. Ina son jirgin ceto, mai ɗaukar mutum biyu, wanda zai shiga tsakanin duwatsu inda babu filin sauka, ya tsaya a sama ya ciro wanda ya maƙale. Ba ya buƙatar gudu sosai. Nauyinsa duka da mutanen ciki na sa kilo 500, wato mutane kilo 160, gangar jiki 150, inji da abinda ke ba shi wuta 190. Ka rubuta naka lambar babba a saman takarda dan duk abinda zai biyo baya da ita za a yi ciniki.

Mataki na biyu: wa zai ɗauki nauyin nan?

Anan aikin yake, dan haka zan daɗe. Fiffike ba wani sihiri yake yi ba, iska yake lanƙwasawa ya tura ta ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. In ka cire shi dole wani abu ya karɓi aikin, kuma hanyoyin da aka sani kusan gida biyu ne, ko dai jirgin ya fi iskar da ya ture rashin nauyi sai ya yi iyo a cikinta kamar kwalbar roba a ruwa, ko kuma ya dinga jefa wani abu ƙasa da ƙarfi, iska ko hayaƙin roka.

Gidan farko shine na balan-balan. A 1783 'yan'uwan nan Montgolfier a Faransa suka ɗaga mutane da iska mai zafi, shekara 120 kafin jirgin 'yan'uwan Wright na 1903, kaga kenan tashi ba fiffike shi ya riga zuwa duniya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ka ɗauki akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, iskar cikinsa a bakin teku tana da nauyin kilo 1.2. In ka cika shi da gas ɗin hiliyom zai ɗaga kusan kilo 1, haidirojin kusan kilo 1.1, iska mai zafi kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na kilo kawai. Wato jirgina mai kilo 500 yana buƙatar akwati 500 na hiliyom, in aka dunƙule shi ƙwallo faɗinsa kusan mita 10 ne. Mutum biyu kacal fa. Shiyasa jirgin balan-balan Hindenburg na Jamus ya kai tsawon mita 245 da haidirojin mita kubik 200,000, wato irin akwatin nan 200,000, kuma wannan haidirojin ɗin ne ya ci da wuta ranar 6 ga Mayu 1937 a Lakehurst ta Amurka, mutum 36 suka rasu. Kuskuren da nafi gani a zane shine a ɗora katafaren jirgin ruwa na ƙarfe ƙarƙashin ɗan balan-balan da bai fi shi girma ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mai kallo zai ji a jikinsa cewa abun bai zauna ba ko da bai san dalili ba.

Gida na biyu ɗakunansa da yawa. Mafi sani shine farfela mai kallon sama, helikwafta da duron, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi. Gaskiya in za a bi diddigi ruwan farfelar helikwafta shima fiffike ne, juyawa kawai yake yi, amma tunda ba irin wanda aka saba gani a gefen jirgi bane ni ina lissafa shi cikin namu. Za ka iya ɓoye farfelar cikin zobe ko bututu, kamar yadda Alexander Lippisch ya tsara wani jirgi mai suna Aerodyne, ƙatuwar fanka cikin bututu da wasu faifai a baya masu karkata iskar ƙasa, kamfanin Dornier ya gwada shi ba matuƙi a 1972 kuma ya tashi.

Akwai kuma wanda jikin jirgin ne da kansa yake aikin fiffike. A 1963 hukumar NASA ta haɗa M2-F1 da siririn katako, siffarsa kamar bahon wanka, suka ɗaura masa igiya mota ƙirar Pontiac tana jansa a kan busasshen tafki a Kalifoniya har ya ɗaga. Ƙaninsa HL-10 ya kusa ninka saurin sauti sau biyu a 1970. Sai dai irin wannan jiki sai da gudu yake ɗagawa, kuma saukarsa kamar faɗowa ce mai tsari, da gudu yake taɓa ƙasa. Ga jirgin da zai dawo daga sararin samaniya ya dace ƙwarai, ga jirgin cetona kuwa sam bai yi ba tunda ba zai iya tsayawa wuri ɗaya ba.

Wanda ni yafi burge ni shine ganga mai juyawa. Duk mai kallon ƙwallo ya ga yadda ɗan wasa ke murza ta ta lanƙwasa a iska ta shige raga, wannan shine abinda Heinrich Magnus ya yi bayani a 1852, abu mai juyawa cikin iska mai wucewa yana samun turi zuwa gefe. Anton Flettner ya kafa dogayen ganguna biyu masu juyawa a kan jirgin ruwa mai suna Buckau a 1924, kuma jirgin ya tsallaka tekun Atlantika a 1926. In ka kwantar da gangunan nan a gefen jirgin sama, ka juya su ta yadda samansu ke komawa baya, za su ɗaga shi. A zane abun yana da kyau matuƙa, amma ka sani jan iskarsu yana da yawa, kuma da zarar gangar ta daina juyawa ɗagawar ta ƙare nan take.

Kusa da wannan akwai farfela mai kama da keken ɗiban ruwa, ruwanta a jere suke zagaye da sanda kwance, kowanne yana canza kwanarsa yayin da yake zagayawa, dan haka matuƙi zai iya tura iskar duk inda yaso, ƙasa, baya, gaba, cikin ƙiftawar ido ba tare da jirgin ya karkata ba. Ƙananan jiragen ruwa masu jan manya a tasha sun daɗe suna amfani da irinta a cikin ruwa.

Sai faifai mai tashi, wanda kowa ke fara zanawa. An gwada shi da gaske. Avrocar da aka ƙera a Kanada wa sojan Amurka, faɗinsa mita 5.5, fanka ɗaya a tsakiya tana zuƙo iska ana fesa ta ta bakin faifan. Ya fara tashi a 1959, amma bai taɓa wuce kusan mita ɗaya daga ƙasa ba, da ya ɗan ƙara sama sai ya kama rawa kamar murfin tukunya da aka jefar a siminti, a 1961 aka rufe aikin. Ina ba da labarinsa ne saboda in kana son faifai a labarinka ka san ainihin ciwon da ya kamata injiniyoyin labarin su magance, rawar nan ce.

Jet ko roka mai kallon ƙasa shine mafi sauƙin tunani kuma mafi haɗamar mai. Jakar rokar da kamfanin Bell ya nuna a 1961 tana ɗaga mutum ɗaya na daƙiƙa 21 ne kawai. Akwai kuma iskar lantarki, a 2018 masu bincike a jami'ar MIT suka tashi wani jirgi mai kilo 2.45 wanda babu abu ɗaya mai juyawa a jikinsa, wayoyi ne masu ɗauke da bolt 40,000 ke tura iska baya, ya yi tafiyar mita 60 a cikin zauren wasanni. Shi yana da fiffike dan turin ba shi da ƙarfin ɗaga shi kai tsaye, amma shirun da yake yi abu ne da marubuci zai iya gina labari a kai.

Ka zaɓi ɗaya ya zama babba, in kana so ka ƙara na biyu ya taimaka masa, kamar Airlander 10 na Ingila mai tsawon mita 92 da ya fara tashi a 2016, wanda hiliyom ke ɗaukar yawancin nauyinsa, faffaɗan jikinsa da injina su cike sauran. Kar ka haɗa biyar. Ni na zaɓi rabi da rabi, hiliyom ya ɗauki kilo 250, fanka huɗu su ɗauki 250.

Mataki na uku: ɗan lissafi, kar ka gudu

Ƙa'ida ɗaya ce ke raba zanen da ya zauna da wanda bai zauna ba: tura iska mai yawa a hankali ya fi arha a kan tura iska kaɗan da ƙarfi. Ga yadda ake aunawa. Ka ninka nauyin jirgi da 9.8, ka raba da 2.4, ka sake rabawa da faɗin filin da farfelolin ke sharewa a murabba'in mita, sannan ka danna alamar tushen murabba'i (√) a kalkuleta. Abinda ya fito shine saurin iskar da ke ratsa farfela, mita nawa a daƙiƙa. In ka ninka wannan saurin da lambar farko, wato nauyi sau 9.8, ka samu ƙarfin da ake buƙata a wat, wat 1,000 shine kilowat ɗaya.

Mu gwada da kilo 500. Farfela ɗaya mai faɗin mita 8 tana share kusan murabba'in mita 50, iskar zata fito mita 6.4 a daƙiƙa, ƙarfi kilowat 31. Yanzu ka ce a'a ni ƙananan fankoki nake so a ɓoye cikin jiki dan yafi kyau, duka filinsu murabba'in mita 2. Iskar ta koma mita 32 a daƙiƙa, ƙarfi kilowat 157. Nauyi ɗaya, jirgi ɗaya, amma wuta ninki biyar, kuma wannan lissafin na takarda ne, a zahiri sai ka ƙara wajen rabi a kai saboda asara. Abinda zaka riƙe kenan, duk lokacin da ka raba filin farfela huɗu, ƙarfin da kake nema ya ninka biyu.

Nawa jirgin fa? Fanka huɗu kowacce faɗin mita 2, filinsu murabba'in mita 12.6. Da su kaɗai za su ɗauki kilo 500 sai an ba su kilowat 62. Da hiliyom ya sauke musu rabi sai abun ya faɗo kilowat 22, kusan kashi ɗaya cikin uku, ranar da na fara ganin wannan sai da na sake danna kalkuleta sau biyu. Jakar hiliyom ɗin mita kubik 250 ce, ƙwallo mai faɗin kusan mita 8, kuma kar ka manta ita ma jakar tana da nata nauyin, ka koma mataki na farko ka cire shi daga kason gangar jiki.

Sai maganar inda wutar zata fito. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da kusan wat-awa 12,000, wato wutar da zata ba da wat 12,000 na tsawon awa ɗaya, kilo ɗaya na batirin litiyom mai kyau wajen 250. Ko da injin mai yana zubar da fiye da rabi a zafi, tazarar tana nan da girma, wannan ne dalilin da yasa ƙananan duron ke sauka bayan minti ashirin ko talatin. Nawa in na sa masa kilowat 33 na zahiri, wato 22 ɗin nan da ƙarin rabi na asara, tashin awa ɗaya zai ci batir kilo 130 da ɗoriya, ya shiga cikin 190 ɗin da na ware, saura na motoci da wayoyi. Da ƙyar dai amma ya shiga.

Abu na ƙarshe anan, girma. In ka ninka tsawon abu biyu, faɗin fatarsa ya ninka huɗu, cikinsa da nauyinsa takwas. Ga mai farfela wannan masifa ce, nauyi yana gudu ya bar farfela a baya. Ga mai hiliyom kuwa alheri ne tunda cikin shi ke ɗagawa. Dan haka in birni guda kake son ya tashi a labarinka, ka bi hanyar balan-balan, in ɗan ƙaramin abu ne mai zillewa, ka bi farfela.

Mataki na huɗu: ƙarya ɗaya tak aka yarda maka

Tunda jirgin na ƙirƙira ne, kana da damar kawo abu ɗaya da babu shi a duniya. Shawarata ka tsaya a ɗaya, ka rubuta shi a fili, ka rubuta iyakarsa, sauran komai kuma ya bi dokar da muka sani. Mai karatu yana yafe ƙarya ɗaya da zuciya ɗaya in yaga an girmama hankalinsa a sauran.

Misali batir mai ninka na yau sau goma. Ko wani ƙarfe mara nauyi mai ƙarfin gaske, wanda zai farfaɗo da tunanin Francesco Lana de Terzi na 1670, shi ya zana kwale-kwale mai rataye da ƙwallayen tagulla huɗu da aka zuƙe iskar cikinsu tas. Tunanin daidai ne, fanko yafi kowane gas rashin nauyi, matsalar ita ce iskar waje tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, tagullar da ta yi siririn da zata tashi zata murƙushe nan take. In ƙarfen labarinka ya jure wannan, ka samu jirgi mara gas mara gobara, amma ka bi abun har ƙarshe, idan harsashi ya huda ƙwallon me zai faru? Iska zata faɗa ciki da ƙara kuma ɗagawar wannan ƙwallon ta tafi, shiyasa mai hankali zai yi ƙananan ƙwallaye ɗari maimakon manya huɗu, kaga siffar jirgin ta fito da kanta daga ƙaryar.

In kuma dutse ne ko na'ura mai soke jan ƙasa, wanda mutane suka fi so, ka tuna nauyi ne ya tafi, jiki yana nan. Jirgi mai tan 100 da ke shawagi har yanzu sai an sha wuya kafin a tura shi, an fi shan wuya kafin a tsayar dashi, kuma ba shi da taya a ƙasa balle birki. Dole ka ba shi farfela ko roka ta gaba da ta baya, kuma kwanarsa zata zama mai faɗi irin ta babban jirgin ruwa.

Wata dabarar ma ba sai ka yi ƙarya ba, ka canza duniyar. A Mars iska bata wuce kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, shiyasa ƙaramin helikwaftan Ingenuity mai kilo 1.8 da ya fara tashi ranar 19 ga Afrilu 2021 sai da farfelarsa mai faɗin mita 1.2 ta dinga juyawa wajen sau 2,500 a minti. A Titan, ɗaya daga watannin Saturn, iska ta ninka tamu kauri sau huɗu, jan ƙasa kuma kashi ɗaya cikin bakwai, can ƙananan fankokin nan da na hana ka za su yi aiki lafiya lau. A Venus kuwa iskar tana da nauyin da in ka cika jaka da irin iskar da muke shaƙa zata yi iyo a wajen kilomita 50 daga ƙasa, wato mutane za su iya zama a cikin balan-balan ɗin kansa. Tarayyar Sobiyat ta saki balan-balan biyu a can a 1985.

Mataki na biyar: yaya ake tuƙa shi?

Nan ne yawancin jiragen gaske marasa fiffike suka sha kashi. Ɗagawa ta samu, riƙewa ta gagara. Kowane jirgi yana juyi iri uku, ɗaga hanci da sauke shi, karkata dama ko hagu, da juya kai kamar mai waiwaye. Ka ɗauki zanenka ka nuna da kibiya abinda ke yin kowanne, in ka rasa ɗaya jirgin bai gama ba.

Mai fanka huɗu abun da sauƙi, a ƙara wa na baya gudu hanci ya sunkuya jirgi ya tafi gaba, a ƙara wa na hagu ya karkata dama. Biyu suna juyawa hannun agogo biyu akasin haka, saboda duk abinda inji ya murɗa shima yana murɗa jirgin ta ɗaya gefen, wannan ne amfanin ƙaramar farfelar da ke wutsiyar helikwafta. In ka zana ƙatuwar fanka guda ɗaya a tsakiyar faifai ba abinda ke soke murɗarta, fasinjojinka za su dinga juyawa kamar katantanwa. Ka sa biyu a sanda ɗaya masu saɓa wa juna irin na helikwaftocin Kamov na Rasha. Mai jet kuwa ka ara daga na'urar gwajin da Rolls-Royce suka tashi a 1954, wadda aka yi wa laƙabi da gadon ƙarfe mai tashi, dogayen bututu huɗu ne ke fita gaba da baya da gefe suna fesa iska kaɗan-kaɗan dan daidaita ta.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata ka sani. Mutum zai ce in na sa inji a sama, nauyi ya rataya a ƙasa, ai jirgin zai miƙe da kansa. Ga balan-balan haka ne, dan ɗagawarsa kullum sama take kallo. Ga inji da ke manne da jiki ba haka bane, in jirgin ya karkata turin ma ya karkata dashi, babu abinda zai dawo dashi. Rokar farko ta Robert Goddard a 1926 injinta a sama yake, daga baya ya mayar dashi ƙasa. Irin waɗannan jirage kwamfuta ce ke gyara su sau ɗaruruwa a daƙiƙa, in kuma duniyar labarinka babu kwamfuta, toh ka ba su jakar gas a sama ko ka yarda matuƙansu ƙwararru ne ƙalilan masu aiki cikin haɗari. Neil Armstrong kansa sai da ya yi tsalle da laima daga irin wannan na'ura ta koyon sauka a wata a 1968, daƙiƙu kaɗan kafin ta faɗi.

Mataki na shida: ranar da inji ya mutu

Jirgi mai fiffike in inji ya tsaya yana zamewa a iska har ya nemi fili, helikwafta ma iskar da ke tasowa tana ci gaba da juya farfelarsa ya sauka. Naka fa? Ka rubuta amsar a jimla ɗaya. Laima babba ta ɗauki jirgin duka, akwai ƙananan jirage na kamfanin Cirrus da ke da ita, ko ƙarin motoci ta yadda in ɗaya ta mutu sauran su riƙe. Nawa na mayar da fankokin takwas, biyu-biyu a kowane hannu, kuma ko duka sun tsaya rabin nauyin yana wuyan hiliyom, ga ƙatuwar jakar tana jan iska tana rage saurin faɗowa. Haka kuma in mutum biyun sun sauka jirgin yana da sauran kilo 340, ya fi 250 ɗin da gas ke ɗagawa, dan haka ba zai tsere sama ya bar su ba. Rauninsa iskar gefe, jaka mai mita 8 tsakanin duwatsu ranar guguwa abun tsoro ce, kuma na bar wannan raunin da gangan dan daga nan labari ke fitowa.

Ka duba ƙasa ma. Iskar mita 32 a daƙiƙa ɗin nan ta wuce kilomita 100 a awa, zata tada ƙura ta rufe idon matuƙi, ta ture wanda aka zo ceto. Jet kuma yana ƙona inda ya sauka.

Mataki na bakwai: yanzu ka zana, sannan ka jefa

Ka zana shi ta fuska uku, gefe, gaba, sama, duka da ma'auni ɗaya, misali santimita ɗaya a matsayin mita ɗaya. Fara da ɗan mutum a tsaye mai santimita 1.7, sannan ka zana abinda ke ɗagawa da girman da lissafi ya ba ka, ba wanda ranka ke so ba, sauran jiki ya zo ya zauna a inda ya rage. Ka sa ɗigo inda nauyi ya taru, ka tabbatar ɗagawar ta ratsa ta kansa. Da shuɗin biro ka ja hanyar iska, inda take shiga da inda take fita, kuma kar ƙofar fasinja ta buɗe a gaban bakin da ke zuƙa. Tankin mai ko batir ya zauna kusa da ɗigon nan dan kar jirgi ya canza zama yayin da mai ke ƙarewa.

Daga nan sai gwaji da hannu, gani ya kori ji. Ka samu kofin takarda biyu marasa nauyi ka haɗa gindinsu da salatif, ka ƙulla robobi huɗu su zama igiya, ka naɗe ta a tsakiyar kofunan tana ɗan miƙewa ta yadda bakinta zai fito ta ƙasa yana kallon gaba, ka ja baya kamar gwafa ka saki. Za ka ga abun ya yi sama ya lanƙwasa sannan ya sauko a hankali yana juyi, gangar Flettner kenan a tafin hannunka. In ya nitse ƙasa da sauri, naɗin ka juya. Ka kuma yanka takarda biyu, doguwa da gajeriya, ka mayar da kowacce zobe, ka manna ƙaramin a gaban tsinken shan lemo babban a baya, ka jefa, zai tafi miƙe ba fiffike ko ɗaya. Ga mai jikin baho, ka yanka kwali ka naɗe shi rabin mazurari, ka maƙala ƙaramin kilif a hanci ka saki daga saman bene, ka dinga matsar da kilif ɗin gaba da baya har ka sami inda ya daina tuntsurawa. Inda kilif ɗin ya tsaya, nan zaka koma ka gyara ɗigon nauyi a zanenka, sannan ka sake duba ko kujerar matuƙi da batir suna nan inda ya kamata.